Kebul Ɗin da Ɓera Ya Ci

Matar tana tsaye a bakin shagon mai gyaran kwamfuta, tana jira sai kowa ya watse. Ba za ta wuce talatin ba, amma idanunta sun faɗa, ga tawadar biro a yatsanta. Daga leda take zaro shuɗin kebul, irin mai haɗa kwamfuta da akwatin intanet, ya rabu gida biyu.

"Malam, na kashe na kunna, na sauya masa rami, fitilar ta ƙi kamawa. Sai da na bi shi har bayan kujera na tarar da shi haka. Ɓera ne."

Mai gyara yana jujjuya bakin kebul ɗin. Ya san cin ɓera, kaca-kaca yake barin waya. Wannan kuwa yanka ɗaya ne sumul, aikin almakashi. Can gaba ma ga wani tsohon yankan an naɗe shi da salatif.

"Gaggawa ce, 'yar'uwa?"

"Gobe nake da jarrabawa. Daga gida nake karatu."

Bai tambaye ta wa ke gidan ba. A ransa dai yana hango wani mutum da karatun nan ya tsone wa ido, wanda anjima zai yi mata jaje, har ya ce zai sayo tarko.

"In yanko sabo?"

"Yanko," take cewa, kanta a sunkuye. "Amma gajere, wanda zan iya cirewa in ɓoye in na gama."