Sai Sun Kwana a Mai: Ban Kwana da Malam Irmiya Makanike

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 14 ga Agusta, 2024, ina tsaye a kwata ina jiran a gama fiɗa, aka kira ni a waya aka ce Malam Irmiya, makaniken babura na Ƙofar Kware, ya rasu a asibiti bayan ciwon ƙirji na dare ɗaya. Na ce wa mai kiran ya sake bincikawa, domin jiya-jiyan nan, Malam Irmiya, na bar maka babur ɗina a shago, ka kwance murfin kuloci, kana yi mini faɗa.

Faɗan nan kuwa mun daɗe muna yinsa. Ni mahauci ne, ina ɗaukar nama daga kwata zuwa kasuwa da gidajen abinci, kuma lodin da nake yi wa babur ko jaki aka yi wa sai ya zauna. Kai kuma ba ka taɓa ganina ka yi shiru ba. Kakan ce, "Sarkin Fawa, cire yatsunka daga hannun kuloci, ba wuƙa ba ce." Sarautar nan kai kaɗai ka naɗa ni, ko tebur ɗin kirki ba ni da shi lokacin.

Na san ka ne wata bazara da kulocina ya ƙone a hanya, da naman sa guda a bayana, rana kuma tana neman lalata shi. Injin yana ta kuka, babur ba ya gaba. Ba ka san ni ba, ka tsaya, ka tare mini ɗan kabu-kabu ya wuce da naman, ka ja ni har shagonka. Da ka fito da fayafayan kulocin, sai ka kai su hanci ka shinshina, ka miƙo mini ka ce in ji irin gashin da na yi, tunda gashi sana'ata ce.

Ranar na fara cin karo da dokarka. Fayafayan kamfani sun fi ƙarfin yawancinmu, na kasuwa muke saye, kuma ba ka taɓa raina mu a kan haka ba. Kakan juya su a hannu, ka gwada su da tsofaffin, ka mayar da wanda bai yi maka ba. Amma komai kyansu ba ka ɗaura su a bushe. Sai ka zuba baƙin mai a gwangwani ka tsoma su, ka ce mai babur ya dawo gobe. Na yi tsalle, na yi rantsuwa, na ce gaba kaɗan akwai mai yi mini yanzu-yanzu. Ka ce hanya a buɗe take, amma ko amarya sai ta kwana cikin lalle. Na tafi ina ƙunƙuni, da safe na dawo da ƙafata.

Na sha zama a bencinka ina kallon hannunka. Faifan ƙarfe kakan kwantar da shi a kan gilashi ka ga ko ya lanƙwashe. Sannan ka jera su, mai ɓawo, na ƙarfe, mai ɓawo, ka fara da mai ɓawo ka rufe da shi. Notocin sifirin kuma kana ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi, ba ka matse ɗaya ka bar 'yan'uwansa. A wannan lokacin ko gaisuwa ba ka amsawa. Masu gaggawa sun sha zaginka a bayan ido, ni ma na taya su, amma babu wanda ya taɓa dawo maka da aiki.

Da ka rasu, shagon yana kulle, babur ɗina a ciki da cikinsa a buɗe, sababbin fayafayan da na sayo suna cikin ledarsu, ba ka kai ga tsoma su ba. Ban iya tambayar matarka Dorcas, Maman Joy, makulli tana cikin wannan hali ba. Sai ranar Juma'a da safe, da za a tafi da kai ƙauyenku na bayan Zuru, ta miƙo mini shi da kanta, ta ce za a binne ka Asabar da tsakar rana. Motar da ta ɗauke ka ta cika da dangi, ga damina, motar haya ba ta shiga ƙauyen. In ba babur ɗin nan ba, ba ni da hanyar zuwa in yi maka rakiya.

Bayan masallaci na kira Tambari, makaniken da ke maƙwabtaka da kai, mutumin kirki da ya yi kukan rashinka fiye da wasu dangi. Ya duba aikin, ya kira sunana ya ce, "Sahabi, mi kaka jira? Mu shafa musu mai mu ɗaura, ka tahi yau ka kwana Zuru." Gaskiyarsa ne, da yawa haka suke yi, kuma da na bi shawararsa da na isa da wuri. Na ɗauki ledar zan ba shi, sai na ga gwangwaninka a ƙarƙashin benci. Hannuna ya ƙi. A shagonka, da sifanarka, a ɗaura su a bushe don kawai ba ka nan ka hana? Na zuba mai na tsoma su, na ce wa Tambari mu haɗu bayan asuba. Ya dube ni ya girgiza kai.

Da asuba ya zo ya ɗaura su, ya daidaita wayar kuloci, na kama hanya. Ruwa ya tare ni sau ba adadi, laka ta kai gwiwa a wasu wuraren, amma kulocin bai zame ko sau ɗaya ba. Duk da haka na makara. Na iso an riga an rufe ka, ana daidaita ƙasa, ban ga akwatinka ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Maman Joy ta hango ni jiƙe da laka, ta ce, "Baban Karimatu, sai yanzu?" Na ce mata, "Sai da suka kwana a mai." Ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Da jiya ka zo, da ya yi maka faɗa." Ta ɗebo ƙasa a gefen kabarin ta zuba mini a tafi, na ɗora a kanka.

Malam Irmiya, addininmu ba ɗaya ba ne, amma ni shaida ne ba ka taɓa cutar wanda ya ba ka amanar abin neman abincinsa ba. Na bar ka a hannun Allah da ya halicce mu duka, ina roƙon ya dube ka da idon rahama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maman Joy, da 'ya'yanka Joy da Micah, da danginka na Zuru, da makanikai da 'yan kabu-kabun Ƙofar Kware. Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya raya abin da ka bari, mu kuma ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.