Sunan da Inna Ba Ta Faɗa Ba

Duk wanda ya ga ina zirga-zirga tsakanin Makarfi da ƙauyen kakata a yankin Furana, ina tambayar tsofaffi, cewa yake yi gona nake nema. Har babban kawuna ya fara amsa gaisuwata a daƙile. Me zan yi da gona, ni da ko fartanya ban iya riƙewa ba? Suna nake nema, guda ɗaya tak. Sunan yankan mahaifiyata.

Ina da shekara uku ta rasu wajen haihuwa. Babana ya bi ta ina aji biyu a sakandare, goggona ce ta riƙe ni. Duk tasowata da sunan rana nake jin ana ambatonta, ranar da aka haife ta, ban taɓa kawowa a raina cewa ba shi ne sunanta ba. Sai da na yi aure na samu ciki, aka yi hoto aka ce mace ce, maigidana ya ce, "Ai sai mu yi wa mamarki takwara. Ya sunanta na yanka?" Sai a lokacin na gane ban san shi ba.

Goggo na fara tambaya.

"Mu Amarya muke ce mata har ta koma ga Allah."

"Goggo, shekara biyar fa tana gidanku."

"To wa zai tsaya tambayar amarya sunanta? Maza ne suka ji a wurin ɗaurin aure, su kuwa duk sun tafi."

Kawunnaina biyu Yaya suke ce mata. Na tambaye su ɗaiɗai, kowa ya ba ni nasa sunan daban, kowa kuma ya rantse. Na je firamaren ƙauyensu, inda ta yi aji uku. Hedimastan mutumin kirki ne, ya buɗe mini kabad ya fito da tsofaffin rajistoci. Ruwan rufi ya manne wasu, gara ta ci wasu. Na zauna a benci da ƙaton cikina ina ɓanɓare shafi a hankali har azahar, kuma na same ta. Ga sunan kakana a gefe. Amma sunan ranar ne dai. Malami ya tambayi yarinya sunanta, ta faɗi wanda take amsawa, ya rubuta.

Saura Inna, wadda ta haife ta. Da gangan na bar ta a ƙarshe, don na san mahaifiyata ce 'yar farinta, kuma matan zamaninsu ba sa kama sunan ɗan fari. Na ɗauka dai mutuwa ta ɗage wannan.

Na same ta a tsakar gida bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa da ƙyar, muka gaisa, gida, maigida, Goggo, gajiyar hanya.

"Ga uwar 'yan boko," in ji ta. "Wannan ciki ko tulu? Zauna kafin ki fasa mini shi a nan."

Na zauna, na kunna waya na ajiye tsakaninmu don ta ɗauki magana. Na tambaye ta asalinmu, ta sake baki. Kakanta maƙeri ne, daga gabas ya zo da jaki biyu, shi ya haƙa rijiyar bakin masallaci. Ta lissafo mini 'ya'yansa tara da inda kowa ya yi aure, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan na ce, "Inna, ya sunan mamana na yanka?"

Ta ci gaba da ɓara.

"Inna."

"Na ji ki, ƙawata. Ba kurma ba ce ni."

"Takwara zan yi mata."

"Allah ya raba lafiya."

"Sunan nake so."

"Ke 'yar nan, wannan ba maganar bakina ba ce."

Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce mata shekara ashirin da rasuwarta, kunyar wa kike ji? Na ce kun haifi mutum kun binne shi ba suna, kamar ba a yi shi ba. Na ce wannan ba kunya ba ce, rashin so ne. Duk yana cikin wayar, da muryata.

Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar.

"Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba. Da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke. Ranar da aka aiko ta rasu, ina tankaɗe, na ƙarasa tankaɗena, don surukaina suna tsakar gida. Bayan ɗaki na je." Ta share hanci da gefen zane. "Ki kwana, ƙawata. Ki kwana biyu."

Na ce motar Makarfi ba ta jira. Ta ƙulla mini gyaɗa a leda, na karɓa ban ko dube ta ba.

Sati uku bayan nan aka buga wa maigidana waya da hantsi. Zazzaɓin kwana biyu ne ya tafi da Inna.

A zaman makoki matar ƙaramin kawuna ta ja ni ɗakinta.

"Kin san me ya sa ta ce ki kwana?"

Na ce a'a.

"Akwai wata mai daddawa da take kawo mana talla shekarun baya. Kowa yana kiranta da sunanta, ban da Inna. Ita sai dai ta ce mai daddawa, ko mai sunan waccan. In an kira matar a gabanta ma sunkuyar da kai take yi. Kina fita ran nan ta ce in bincika mata inda matar take, a kawo ta ku gaisa. Ta ce in kin ji an kira ta, ai kin ji."

"To ya sunanta?"

"Wallahi ina amarya lokacin, ni ma mai daddawa nake ce mata, don na ga Inna ba ta so, har sunan ya ɓace mini. Mazan kuma ba su san ta ba, cikin gida take shigowa. Na dai samo labari tana wurin ɗanta a wajen Kudan, ta tsufa ƙwarai."

Ashe hanya take nema mini, wadda ba sai sunan ya bi ta bakinta ba. Kwana biyu kawai ta roƙa.

Na saurari abin da wayar ta ɗauka sau ɗaya. In na zo wurin da na ɗaga murya sai in ji kamar wata ce, amma ni ce. Ban goge ba. Sunayen mutum tara na ciki da muryarta, na kwafe su a littafi.

Cikina ya shiga wata tara. Goggo ta ce in zaɓi ɗaya cikin sunaye biyun da kawunnaina suka bayar in huta, maigidana ya ce in bari sai na haihu. Ba zan yi wa 'yata suna da ƙila ba, tsohuwar can kuma ba ta da lokacin jirana. Ranar kasuwar Kudan mai zuwa zan shiga motar farko, in tsaya a layin masu daddawa, in bi su ɗaya bayan ɗaya har a nuna mini gidan. In na same ta zan gaishe ta yadda ya kamata, in zauna, in ta ce in kwana in kwana.