Ranar da Tanimu Ya Matse Birki

Wata rana, ana tseren keke daga Zariya zuwa Kano, wani ɗan tsere mai suna Tanimu ya waiga, bai ga kowa a bayansa ba, ya yi wa sauran fintinkau.

Bai saba da haka ba.

Tanimu ƙwararre ne, da keken nan yake ci da iyalinsa. Sai dai ba don ya ci tsere aka ɗauke shi ba. Shi ke shiga gaba ya tare wa gwarzon ƙungiyarsu, Nafi'u, iska. Shi ke komawa motar ƙungiya ya ɗebo gorunan ruwa, ya cusa a riga, ya zo ya rarraba. In an doshi ƙarshe, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya kauce.

Shi ya sa sakamakonsa bai taɓa tayar wa kowa da hankali ba. Yau na arba'in, gobe na hamsin da wani abu.

Ga kwantiraginsa saura ƙiris ya ƙare.

Ranar dai ƙafa ta ba shi haɗin kai. Ya wuce Kwanar Dangora shi kaɗai. Ya shigo Kura shi kaɗai.

Sai muryar koci ta faɗo ta na'urar da ke kunnensa: tayar Nafi'u ta yi faci, an canza, amma an bar shi a baya. A jira shi, a jawo shi.

Tanimu ya kalli titin da ke gabansa, fetal.

Ya matse birki.

Nafi'u ya ci tseren. Da aka miƙa masa makirfo, ya gode wa Allah, ya gode wa iyayensa, ya gode wa kamfanin da ke ɗinka masa takalmi.

Ƙarshen shekara koci ya kira Tanimu ofis.

"Ka san ina ji da kai. Amma masu ɗaukar nauyinmu sun ce shekara da shekaru ko na goma ba ka taɓa zuwa ba."

"Koci, a Kura ni ne a gaba. Kai ka ce in tsaya."

"Ni na ce. Kuma wallahi ka kyauta."

Ya miƙa masa hannu, suka yi musabaha mai kyau. Keken na ƙungiya ne, don haka aka karɓa.

A motar haya Tanimu ya koma gida, yana ta shirya yadda zai faɗa wa matarsa.

Darasi: Biyayya abu ne mai kyau, ban ce a daina ba. Amma kafin ka tsaya saboda wani, ka tambaya ko wanda ya ce ka tsaya shi ne zai yi maka hisabi. Sau da yawa ba shi ba ne.

Ka tura wa wanda ka san yana tare wa wani iska a wurin aiki. Kada ka tura wa ogansa, zai danna alamar so ne kawai.