Shekarar da Na Kai Baffa Wurin Shamuwa

Shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta ne, damina biyu kafin a kawo famfo Kwarbai. Ban san lissafin boko ba, amma ban taɓa ɓatar da shekara ba.

A lokacin ni ake aika fadamar bayan ganuwa tsinko lalo, don duk gidan babu yarinyar da ta san wurin kamata. Idan bazara ta yi tsanani, ruwa ya janye ya bar taɓo mai ɗumi da warin kifi, sai baƙin tsuntsaye su sauko. Na san inda dinya ke kiwo, na san kukar da shamuwa ke fara sauka a kai.

Ƙanen babanmu, wanda muke kira Baffa, hoto yake ɗauka. Wani malami a Wusasa ya ce yana son hoton shamuwa a farkon isowarta. Baffa ya kwana uku yana bin ta da akwatinsa mai ƙafa uku, da ya matso sai ta tashi. Ya dawo ya tsuguna gabana.

"Uwata, ki rufa mini asiri."

Na kai shi ta cikin kainuwa, na ce ya yafa tabarma a ka. Ni kuma na tsaya cikin taɓo har gwiwa, riƙe da ƙafar akwatin don kada ta nutse. Tun hantsi har azahar ban motsa ba. Matsattsaku na shan jinina ina kallonsu. Shamuwa ta zo kusa har ina ganin jan da ke gefen idonta. Ƙyas, ya ɗauka.

'Yar kawuna ce ta kai wa kakarmu labari. Kaka ta aje mazarinta.

"Mai kawo mana ruwa kuka kulle a akwati? To, ke ma kin kullu. Ba ki ƙetare zaure sai ruwa ya sauka."

Baffa namiji ne, ba wanda ya ce masa uffan. Ruwa kuwa ya ƙi. Aka fita roƙon ruwa, ina jin muryoyi ta bayan katanga. Matan maƙwabta in sun shigo sai su nuna ni da leɓe. Kullum ina gindin turmi ina duban ɗan sararin da ke saman tsakar gida, tsuntsaye na wucewa arewa, ina kiran sunansu a raina.

Da ruwan ya zo, na ɗauki kwandona. Kaka ta ce ai yanzu na yi girma da yawon fadama. Shi ke nan. Hoton ma ban taɓa ganinsa ba.

Yau fadamar duk gidajen bulo ne, in ji jikokina. Ba mai hana ni fita sai gwiwoyina. Kaka ta tafi, Baffa ya tafi. Saura ni da 'yar kawun nan, tana Kusfa, ido ya mutu. Bara ta aiko wai in yafe mata. Na ce ta zo da ƙafarta ta faɗa. Ita ma ba ta iya fita.