Dusar da Na Hana Ƙasa

A shekarar da fara ta sauko mana karo na biyu, wadda ta tare rana da hantsi har kaji suka nufi akurki, ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, a wani ƙauye tsakanin Kusada da Kankiya. Ina noma, kuma da yake na yi karatun allo, ni ke rubuta wa mai gari takarda. Da ajami na rubuto wannan, Malam Edita. Wanda zai juya shi boko ina roƙonsa kada ya rage mani laifi ko kaɗan.

An san ni da tsimi da tanadi, ni ma ina alfahari da su. A gidana ba a zubar da ƙasari, na awaki ne. Ba a sayen kanwa matuƙar akwai tokar kara. Ƙanzon jiya shi ne karin kumallon yau, riga in ta tsufa ta koma wandon yara, wuta kuwa a maƙwabta ake ɗebo ta don kada a taɓa ashana. Na san yawan damman da ke rumbuna kamar yadda na san yatsuna, matata ba ta isa ta zari zangarniya ɗaya ban gane ba. Wannan hali ya rufa mana asiri da fara ta cinye gonaki, don haka na ɗauka duk abin da tanadi ya raya mani gaskiya ne.

Da damina ta faɗi, ƙwan da farar ta binne ya ƙyanƙyashe, ƙasa ta yi baƙi da 'ya'yanta, ga yunwa ta riga ta shiga gidaje. Sai aka aiko da buhunan dusa a kan jakuna daga Kankiya, an cuɗa ta da guba, a barbaɗa a bakin gonaki. Malamin da ya kawo ta ya tara mu ya faɗa da babbar murya cewa a ɗaure dabbobi, abin da ya ragu a binne, buhunan a ƙone. Ya maimaita har sau uku. Ni aka damƙa wa rabon unguwarmu. Da na ga dusa mai kyau ana watsa ta a ƙasa alhali mutane na cin tafasa, zuciyata ta kasa ɗauka. Na rage rabin buhu na kai gida a ɓoye. Na ce ai rogo mai ɗaci ma jiƙa shi ake yi dafinsa ya fita. Na wanke ta sau uku, na shanya, na zuba a tsohuwar tukunya bayan rumbu. Na yi niyyar in gwada ta a kan kaza, sai na ji kazar ma ba zan iya asararta ba, na ce sai wani lokaci. Ban gaya wa kowa ba, har matata.

Allah bai bar ni ba gargaɗi ba. Bayan kwana biyu na tarar da ɓeraye uku a mace kusa da tukunyar. Kashegari wata kurciya. Maimakon in tsorata, wallahi murna na yi, na ce ga maganin ɓera kyauta.

Katanga ɗaya muke da wani dattijo masaƙi, aminin mahaifina, wanda nake ce wa Baba. Wata ranar kasuwar Kusada na dawo bayan la'asar, ina alwala, matata ta tsuguna ta ce kada in yi faɗa, Inna matar Baba ta shigo neman dusa don akuyarsu. Ta ce ta rasa abin da za ta ba ta wanda ban ƙirga ba, sai ta ga wata tukunya bayan rumbu da ba ta cikin lissafina, ta cika mata ƙwarya. Har dariya ta yi, wai yau ta sami abin da malam ya manta. Buta ta faɗi daga hannuna. Mako biyu kafin nan a gabana Baba ya sayar da akuyar nan. Babu akuya a gidansu. Kunya ce ta hana Inna ta ce su za su ci.

A nan babban zunubina yake. Na fita, na ga hayaƙi yana tashi daga madafarsu, na tsaya. Na tuna mai gari, na tuna alƙali, na tuna sunana. Na ce wa raina ai sau uku na wanke ta, ƙila ɓerayen wani abu suka ci. Haka na yi ta saye da sayarwa da Shaiɗan har aka kira magariba. Na shiga sahu, na duba gurbin da Baba ke tsayawa shekara da shekaru, babu shi. Ban san yadda na yi sallama ba. Na faɗa gidansa ba takalmi, na iske shi a dafe da ciki yana amai, Inna kuma tana shirin kai sauran kunun dusar bakinta, don ta ba shi nata kason da farko ta ce ta ƙoshi, sai da ya rantse mata sai ta sha sauran. Na kaɓe ƙwaryar daga hannunta. Muka ɗura mashi nono, da asuba muka ɗora shi a jaki sai ɗakin magani na Kankiya.

Ya rayu, amma hannuwansa da ƙafafunsa sun mutu. Mutumin da ƙoshiyar saƙa ke gudu a hannunsa ya koma ba ya iya riƙe ludayi. Zugun da yake saƙawa ya tsaya a rabi, aka naɗe shi aka rataye. Mutane suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Shi bai ce ya sha kunun dusa ba, ni ban ce komai ba, na binne tukunyar. Daga nan nake nome mashi gona, kowace kaka in kai dami. Gari ya yi ta yabona, ana cewa ashe marowacin nan yana da zuciya. Kowane yabo kamar garwashi ake ɗora mani.

Shekara goma sha ɗaya muna haka. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na durƙusa gabansa da rana tsaka na faɗi komai, har tsayuwar da na yi ina kallon hayaƙi. Sannan ya kira ni ɗan nan, ya ce tun ranar ya sani, don wanda bai san abin da ke cikin ƙwarya ba ba ya kaɓe ta. Ya ce ya yi shiru ne saboda ni ma ban taɓa gaya wa gari cewa ya ci abincin akuya ba. Hannu kuwa na Allah ne, ya yafe. Amma tsayuwar nan, in ji shi, sai na biya ta. Ya nuna zugun da ke rataye, ya ce in kai wa wani masaƙi ya ƙarasa, da shi za a yi mashi likkafani, kuma duk abin da masaƙin ya faɗa in biya, kada in kuskura in yi tayi. Ya yi murmushi ya ce ya san wannan zai fi mani bulalar alƙali zafi.

Masaƙin ya san ni, saboda haka ya ninka kuɗin yana jiran ciniki. Na zaro na ba shi. A cikin zugun nan muka sa Baba.

Har yau ba a zubar da ƙasari a gidana, kuma ban ce kowa ya yi almubazzaranci ba. Amma ku masu tanadi, abin da aka ce a binne a binne shi, akwai abin da ƙasa ce kaɗai ke da haƙƙinsa. Kada ku ƙuntata wa iyali har su riƙa neman abin da ba ku ƙirga ba. In maƙwabci ya roƙi abu don dabbarsa a shekarar yunwa, ku leƙa turkensa tukuna, in babu komai a ɗaure ku buɗe rumbu. Allah Ya jiƙan Baba, ni kuma Ya yafe mani tsayuwar nan.