Ɗantani Mai Gidan Kallo

Sunansa na yanka Abubakar, amma da yake ranar Litinin aka haife shi, Ɗantani ya bi shi har kabari. A wani ƙauye kusa da Shagari ya tashi, gidan manoman gero da albasa. Shi dai noma bai karɓe shi ba. Tun yana saurayi ya koyi tuƙi, ya shekara ashirin da biyu yana jigilar albasa zuwa Kudu a babbar mota. Ya kama gida a Boɗinga saboda bakin titi ne, ya ajiye matarsa Ramatu da 'ya'yansu huɗu, mata uku da namiji guda, Haliru. In ya fita sai ya yi kwana goma, ya dawo ya kwana biyu, ya sake ɗaukar hanya. Yaran sun fi sanin ƙarar motarsa da muryarsa.

Wata damina motar ta ƙwace masa a gangare, ta kife. Ya rayu, amma an yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da ya dawo gida zama, da sanda da ƙafar roba, sai ya tarar ɗansa ya zama baƙo. Haliru ya kai ashirin, ba ya gona, ba ya kasuwa. Wuninsa yana wani kango bayan gari inda samari ke haɗuwa su sha maganin tari da ƙwayoyi. Ɗantani ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kai shi wajen malamai, ya kai shi asibiti. Bai yi shekara da dawowa ba aka zo da hantsi aka ce ya je kangon ya duba. Ya tarar da Haliru jingine da bango, bakinsa da kumfa, jikinsa ya riga ya yi sanyi.

Bayan an share makoki, Ramatu ta ji yana maimaita magana ɗaya, ko da mutane ko shi kaɗai.

"Yaron ga bai da wurin zama. Da shina da inda za shi zauna idon babba na kallonai, da bai tahi can ba."

Da abin da ƙungiyar direbobi ta haɗa masa ya kafa rumfar kwano a bakin titi. Ya jera benci takwas, ya rataya talabijin, ya sa sola a kan rufi, daga baya ya samo tsohon teburin sinuka daga Sakkwato. Ramatu ke dama kunun aya da zoɓo a gida, a kawo cikin kula. Dokokinsa ba su da yawa. Ana kiran salla zai kashe talabijin, ko da ana shirin buga fanareti ne. Ba a shan taba a ciki. Wanda kuwa ya shigo ido jajur yana tangaɗi, ba ya korarsa. Sai ya nuna masa gefen bencinsa, ya zuba masa shayi, ya ce ya zauna nan har ya dawo hayyacinsa. Iyaye da yawa ba su so wurin ba da farko. Daga baya har uwa kan aiko a tambaya ko ɗanta yana rumfar Ɗantani, in aka ce yana nan hankalinta ya kwanta.

Shekara shida rumfar ta yi. A cikin masu zuwa akwai Zayyanu, manomin albasa daga wajen Dingyaɗi, ɗan shekara ashirin da uku, mai mata da 'ya guda. Duk Asabar da la'asar zai jingine babur, ya wanke laka daga ƙafarsa kafin ya shiga. Akwai kuma Anas, tela, ɗan ashirin da ɗaya, wanda ya fi kowa daɗewa a gefen bencin nan na Ɗantani kafin Allah ya shirye shi ya koma kan kekensa.

Sai ga abin da ya faru a can bayan gari. Akwai wata mashaya ta ɓoye inda ake sayar da giya da shisha. Rigima ta kaure a wurin, aka daɓa wa wani saurayi wuƙa, ya rasu kafin a kai shi asibiti. Gari ya ɗauka. Ba a yi mako biyu ba hukuma ta fitar da doka, wasu mutum biyu suka zo da takarda suka manna a ƙofar rumfar Ɗantani. Shi bai yi boko ba, sai ya sa Zayyanu ya karanta masa.

Takardar ta ce daga ranar an hana duk wanda bai cika shekara ashirin da biyar ba shiga mashaya, da gidan shisha, da gidan sinuka, da gidan kallo. Mai wurin da aka kama da irinsu a ciki, za a rufe masa.

"Sake karanta min inda anka ce gidan kallo," in ji Ɗantani.

Zayyanu ya sake karantawa.

"Wato ni da mai giya an haɗa mu layi guda?"

"Haka na, Baba."

Asabar ta zagayo. Ɗantani ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Zayyanu ya iso, ya jingine babur, ya wanke ƙafarsa kamar kullum. Da ya zo shiga sai sandar dattijon ta gitta masa.

"Haba Baba. Ni?"

"Kai hwa."

"Na aje mata, ɗiyata ta hwara tahiya. Ni ka ciyar da uwata. Ranar zaɓe an ce na isa, na bi layi cikin rana. Yau ko an ce ban isa zama bisa benci ba?"

Ɗantani bai iya kallon fuskarsa ba. Ya ce, "Ba ni na yi dokar ga ba, Zayyanu. Yi haƙuri."

A ranar ya mayar da mutum sama da talatin. Suka tsallaka titi suka tsaya ƙarƙashin darbejiya suna jin ƙarar wasan daga nesa, a ciki kuwa magidanta biyar ne kawai. Mako na gaba ya sa aka juyo da talabijin ɗin ta fuskanci titi don na waje su gani. Aka zo aka gargaɗe shi cewa wannan ma karya doka ce. Ya mayar da ita.

A hankali masu tsayuwa ƙarƙashin darbejiya suka ragu. Wata Laraba da azahar, yana dawowa daga masallaci, ya yi kiciɓis da Anas a lungu. Idonsa ya kaɗa, leɓensa ya bushe, ya nufi hanyar kango. Ɗantani ya kira shi har sau uku. Anas ya waigo, ya yi wani murmushi na kunya, ya ci gaba da tafiya. Da ƙafa ɗaya ba a bin saurayi. Ɗantani ya tsaya nan riƙe da bango har wani ya zo wucewa ya kama shi ya kai shi gida. Ya kasa cin abincin rana. Da la'asar ya aika a kira Zayyanu.

"Rubuta takarda," ya ce. "Ka ce muna roƙo a raba gidan kallo da mashaya. A zo a duba wurinmu duk ranar da anka so. Ranar Litinin mu kai da ƙahwarmu, ni ka shiga gaba."

Ramatu ta ce masa dungulmin ƙafarsa bai son doguwar tafiya, ga ciwon suga. Ya ce ya ji.

Litinin da hantsi suka taru su wajen sittin. Sun yayyaga kwalayen taliya sun yi rubutu da gawayi. Na Zayyanu ya ce: Mun isa aure, mun isa zaɓe, mun isa zama. Ɗantani ya gargaɗe su kada wanda ya yi zagi, kada wanda ya ɗaga murya. Aka kawo masa babur ya hau, ya ƙi. Ya ce in an gan shi a kan babur za a ce turo su ya yi. Haka suka bi gefen titi, yana dogara sanda, su kuma suna rage sauri saboda shi. Tafiyar da saurayi zai yi cikin minti ashirin ta ci su fiye da awa guda. Mata suna leƙe ta zaure, masu shago wasu na dariya, wasu na cewa Allah shi ba da sa'a.

A ƙofar ofishin da dokar ta fito aka tsayar da su, aka ce mutum biyu su shiga. Wani jami'i mai fara'a ya karɓe su a baranda, ya sa aka ba Ɗantani kujera, ya saurare shi har ƙarshe.

"Ranka shi daɗe," in ji Ɗantani, "ni na binne ɗa saboda kango. Yaran ga in an hana su wurina ba gida za su ba. Na san inda za su."

Jami'in ya ce ya fahimta, kuma kowa ya san rumfarsa ba wurin banza ba ce, amma in aka buɗe wa ɗaya kowa zai ce nasa ma gidan kallo ne. Ya karɓi takardar ya ce za a duba.

Suna fitowa suka tarar da wani dattijo siriri tsaye a bakin ƙofa, yana kallon kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Malam Na'Allah ne, mahaifin saurayin da aka kashe a mashaya. An gaya masa a kasuwa cewa samari sun fito neman a soke dokar, ya bar rumfarsa ta hatsi a buɗe ya taho.

"Ɗantani," ya ce, "ko arba'in ba a yi ba. Jinin ɗana bai bushe ba kunka ɗauko kwalaye?"

Ɗantani ya dogara sanda ya nufe shi. Ya matsa ya kama hannun mutumin da hannu biyu, sandarsa ta faɗi.

"Malam, ba don a buɗe wancan wurin munka zo ba. Wallahi ba don shi ba. Ni ma na wanke gawar nawa ɗan da hannuna."

"To ka san abin da ni ka ji."

"Na sani."

Suka tsaya haka, dattawa biyu, kowa hawaye na bin gemunsa. Samarin da ke kusa suka sauke kwalayensu. Amma na baya ba su ga abin da ke faruwa ba. Sun gaji da rana, sun ji an ce "za a duba", sai wani da har yau ba a san ko wane ne ba ya ɗauki dutse ya wurga. Gilashin taga ya tarwatse. Masu tsaro suka fito da kulake, wuri ya hargitse. Aka ture Ɗantani ya faɗi, Na'Allah ne ya ja shi gefen katanga. Aka kama mutum bakwai, har da Zayyanu, wanda bai yi komai ba sai ƙoƙarin tare mutane.

Washegari aka sa wa rumfar kwaɗo, aka shafa jan fenti a ƙofar. Kwana huɗu Ɗantani yana zarya tsakanin gidajen manya yana durƙuso, da ƙafar da ta riga ta sale ta fara ruwa, har aka saki yaran. Da Zayyanu ya fito ya zo gaishe shi, Ɗantani ya ce, "Ni na ja maka. Ka yahe min." Zayyanu ya ce babu komai, amma yana cire albasarsa ya bar matarsa wajen iyayenta ya tafi Kudu ci-rani. Ya ce garin ya fita ransa.

Takardar ba a taɓa ba da amsarta ba. Ciwon ƙafar kuwa ya ƙi warkewa. Aka kwantar da shi asibiti a Sakkwato, aka ƙara yanke abin da ya rage, aka sallame shi. Ya ce a mayar da shi ƙauyensu na Shagari, gidan ƙanensa Bala, don ba ya son a riƙa wucewa da shi ta gaban jan fentin nan. Can ya yi watanninsa na ƙarshe a kan tabarma a zaure, yana kallon masu tafiya gona. Duk wanda ya zo dubiya daga Boɗinga sai ya tambaye shi samarin da sunayensu, ɗaya ɗaya. Wane ya koma makaranta? Wane ya yi auren? Anas fa? In an zo kan Anas mutane sukan ce yana nan lafiya, su canza magana. Shi ma ba ya matsawa.

Ya rasu ranar wata Alhamis da safe, gero ya fara fitar da kai. Labari ya isa Boɗinga kafin azahar. Babura sama da arba'in suka kamo hanyar Shagari, bibbiyu da uku-uku, cikin yayyafi. Mutanen ƙauyen suka yi ta mamakin inda gurgun dattijo ya samo wannan jama'a. Samarin suka karɓi gatari da shebur daga hannun dangi, suka ce su za su haƙa. Da aka ɗauko makara sai da Bala ya tsawata musu, don kowa so yake ya sa kafaɗa.

Zayyanu bai samu jana'iza ba. Kwana biyu ya yi a hanya. Ya iso da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakin da Ramatu ke takaba, ya yi mata gaisuwa. Ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi iyali, ta sa aka kawo masa fura. Ya riƙe kwanon ya kasa sha. Da rana ta yi sanyi Bala ya raka shi maƙabarta, ya nuna masa wurin, ya koma ya bar shi.