Matar da Ta Ɗauke Butar Gahawarmu

Rubuta, Ragnhild jikata. Wata mata ce tsaye a kantin abincin dabbobi, hannayenta duk sanyi ya tsattsaga, tana riƙe da ƙonanniyar hitar da ke hana ruwan kwamin dawaki daskarewa.

"Sun ƙare, baiwar Allah," in ji Halvor mai kanti. "Sai an share ƙanƙarar da ta toshe hanya, a kawo wasu."

"Goɗiyata tun jiya ba ta sha ruwa ba! Ina fasa ƙanƙarar kwamin da gatari, tana sake daskarewa. Cikinta ya fara murɗawa."

Da gani ba ta da mataimaki a gida. Tana waige-waige, sai ta hango butar lantarkin da mu tsofaffi ke dafa gahawa da ita a kantin. Ta sure ta, ta nufi ƙofa.

Halvor ya buɗe baki. Na ce, "Rufe bakin nan, malam, miƙa mata igiyar wutar."